Minti goma sha biyar da ɗan majalisa: yadda ake kai kuka kan zaftare tallafin naƙasa a Birtaniya

Ganawa da ɗan majalisar Birtaniya a mazaɓarsa ba ta cika wuce minti 10 zuwa 15 ba. Kafin ka gama gyara zama, wani na bakin ƙofa yana jiran a kira shi. Da yawa daga cikin masu zuwa kan batun tallafin naƙasa suna ƙarar da wannan ɗan lokaci wajen zayyana tarihin ciwonsu tun daga tushe, ɗan majalisa ya yi ta gyaɗa kai yana nuna tausayi, a yi musabaha a rabu. Zama ya yi daɗi, amma ba a ɗora masa komai ba. Duk wanda ya fito bai bar masa wani aiki takamaimai ba, wanda za a iya dubawa bayan wata guda a ga ko ya yi ko bai yi ba, to hira ya je yi.

Kada kuma wani ya ce maka zuwan ɓata lokaci ne. A ranar 18 ga Maris 2025, Liz Kendall, wadda ke riƙe da Ma'aikatar Ayyuka da Fansho a lokacin, ta gabatar da shirin rage kusan fam biliyan 5 daga kuɗin tallafin marasa lafiya da masu naƙasa. Abin da ya fi tayar da hankali a ciki shi ne sabon sharaɗin maki 4 a wajen tantancewa da aka so sa wa PIP, wato tallafin da ake ba manya masu naƙasa ko doguwar rashin lafiya, daga Nuwambar 2026. Lissafin gwamnati da kanta ya nuna mutum 800,000 ne ba za su samu kason hidimar yau da kullum na PIP ba zuwa shekarar 2029/30, kowanne da asarar kimanin fam 4,500 a shekara, kuma mutum 250,000, ciki har da yara 50,000, za su faɗa talauci. 'Yan majalisar jam'iyyar Labour mai mulki fiye da 120 suka sa hannu a takardar gyaran da ɗaya daga cikinsu, Meg Hillier, ta jagoranta don a tsayar da ƙudurin, kuma da yawansu sun fito fili sun ce abin da suka ji daga bakin mutanen mazaɓunsu ne ya hana su yin shiru. Ranar 1 ga Yuli, ana tsakiyar muhawarar karatu na biyu, wato babbar muhawara ta farko kan ƙudurin, ministan da ke kula da batun naƙasa, Stephen Timms, ya miƙe ya sanar cewa za a cire sashen PIP ɗungurungum daga ƙudurin har sai an kammala bitar da zai jagoranta. Da haka ƙudurin ya tsallake da ƙuri'a 335 da 260, kuma duk da sassaucin, 'yan Labour 49 sun ƙi shi.

Sai dai rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin ya wuce ya zama doka. Ƙarin kuɗin rashin lafiya na Universal Credit (tallafin marasa aiki da masu ƙaramin samu), wanda yake fam 423.27 a wata a shekarar 2025/26, an mayar da shi fam 217.26 ga yawancin sababbin masu nema daga Afrilun 2026, kuma an daskarar da shi a haka har 2029/30. Wanda ya riga ya shiga ya tsira, haka mai ciwon ajali da wanda ya cika sharuɗɗan lalura mai tsanani ta har abada. Ba yau aka fara wannan salon ba. A Maris 2016 gwamnatin Conservative ta janye shirin rage makin kayan taimako a PIP bayan Iain Duncan Smith, wanda ke riƙe da ma'aikatar a lokacin, ya ajiye muƙaminsa, amma ragin kusan fam 30 a mako na ESA, tallafin waɗanda ciwo ya rage musu ƙarfin aiki, ga sababbin masu nema ya fara aiki a Afrilun 2017. Ragin da zai taɓa waɗanda kuɗin ke hannunsu yakan gamu da turjiya, domin suna da suna, suna da murya, suna zuwa ofis. Wanda aka jingina wa mutanen da ba su riga sun kwanta ciwo ba, shi kan wuce lami lafiya. Riƙe wannan, za ka buƙace shi a cikin ɗakin.

Samun lokacin ganawa

'Yan majalisar wakilai 650 ne, kuma al'adar majalisar ita ce kowa da mutanen mazaɓarsa kaɗai yake hulɗa. Ka sa lambar gidan waya ta unguwarku a shafin majalisar ko a shafin intanet na TheyWorkForYou, sunan naka zai fito. Imel ɗin da ba ya ɗauke da cikakken suna da adireshi, amsar da yake fara samu ita ce a turo adireshi, ka ga an yi asarar mako guda a banza. Ba sharaɗi ba ne sai kana da ƙuri'a, zama a mazaɓar ya wadatar. Amma in kana da ita, ka faɗa. 'Yan ƙasashen Commonwealth da ke da izinin zama suna da damar yin rajista su yi zaɓen majalisa, kuma da yawa ba su san da haka ba.

Zaman sauraron koke, wanda suke kira surgery, yawanci ranar Juma'a ake yin sa ko Asabar, saboda daga Litinin zuwa Alhamis suna Westminster, inda majalisar take a Landan. A da mutum kan faɗa kawai ya bi layi a ɗakin karatu ko zauren coci. Bayan kisan 'yan majalisa biyu, Jo Cox a 2016 da David Amess a 2021, waɗanda duk a wurin irin wannan zama abin ya same su, yawancinsu sai da alƙawari, wasu ma ba sa faɗar wurin sai ana gobe. Timms ɗin da aka ambata shi ma an taɓa daɓa masa wuƙa a zaman sauraron koke a 2010. Don haka in an tambaye ka sunan wanda zai raka ka, ko aka ce ka zo da katin shaida, ko aka duba jakarka, ba raini ba ne.

Saƙon neman ganawa kada ya wuce layi shida ko bakwai: sunanka da adireshinka, cewa kana karɓar tallafi kaza ko kana kula da mai karɓa, batun da kake son tattaunawa a jumla ɗaya, da ranar da abin zai zo gaban majalisa in akwai. A nan ne kuma za ka faɗi abin da jikinka ke buƙata. Wurin da keken guragu zai shiga ba tare da matakala ba, tafintan maganar kurame, kujera mai jingina, ƙarin lokaci in magana na yi maka wuya, ko a yi ta waya ko bidiyo in fita ba za ta yiwu ba. Faɗe shi tun farko. Ranar zaman ba a iya samo tafinta.

Idan mako biyu ya wuce shiru, buga wa ofishin mazaɓa waya. In an ce ɗan majalisa ba shi da sarari amma ma'aikacinsa mai kula da koke-koke zai gan ka, karɓa hannu bibbiyu. Shi ke rubuta wasiƙun da maigidansa ke sa wa hannu, shi ke tsara masa abin da zai karanta a jirgin ƙasa, kuma sau da yawa ya fi shi sanin dokar tallafi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wata tsohuwar hanya ga wanda ke iya zuwa Landan ranar da majalisa ke zama: a shiga babban zauren tsakiya na ginin, a cike koren kati ana neman ɗan majalisa ya fito. Ba dole ba ne ya fito, kuma tafiya ce mai cin kuɗi da ƙarfi, saboda haka ta fi dacewa da ranar da ƙungiyoyi suka shirya gangamin zuwa tare.

Mutanen Sikotland su lura: can an maye gurbin PIP da Adult Disability Payment, kuma yana hannun gwamnatin Edinburgh. Ƙorafi kansa na ɗan majalisar Sikotland ne. Universal Credit kuwa har yanzu na Westminster ne.

Kuka biyu ne, kada a gwama su

Akwai mai zuwa saboda an yanke masa nasa kuɗin bayan tantancewa, akwai mai zuwa saboda dokar da ake shirin canjawa. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, kuma wanda ya haɗa su a zama ɗaya, na farkon ne ke cinye lokacin. Ɗan majalisa ya fi jin daɗin na farkon, domin ya san abin yi: ya ce ma'aikacinsa zai rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, shi ke nan ya fita kunya, ba a tambaye shi yadda zai kaɗa ƙuri'a ba.

In matsalarka ta kanka ce, ka sani ɗan majalisa ba ya soke hukuncin ma'aikata, ba ya kuma tsoma baki a na kotu. Abin da yake iyawa shi ne ya zaburar da fayil ɗin da ya kwanta, ko ya sa a bayyana dalilin jinkiri. Rubuta masa ba ya tsayar da wa'adi. Wata ɗaya ke gare ka daga ranar da ke jikin wasiƙar hukunci ka nemi ma'aikatar ta sake dubawa, sannan wata ɗaya daga ranar amsarta ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafin tallafi da fom SSCS1. Akan karɓi wanda ya makara har zuwa wata 13 in yana da ƙwaƙƙwaran dalili, amma wannan ba abin dogaro ba ne. Mutane na zama jiran amsar ɗan majalisa har wa'adin ya kuɓuce musu. Shigar da takardunka tukuna, ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice na taimakawa kyauta, sannan ka je wurinsa. Inda ba makawa sai da shi shi ne kai ƙorafin ma'aikatar gaban Ombudsman na majalisa, wato mai binciken koke kan hukumomin gwamnati, wanda ba ya karɓar irin wannan koke sai ta hannun ɗan majalisa, bayan an bi matakan ƙorafi na ma'aikatar har ƙarshe. Don wannan aikin zai buƙaci lambarka ta inshorar ƙasa, da izini a rubuce in a madadin wani ka zo.

In kuwa batun doka ne ya kawo ka, ba ka buƙatar ba da wannan lamba ko kaɗan. Masu fargabar kada zuwansu ya jawo a taɓa musu tallafi su kwantar da hankali: ofishin ɗan majalisa ba reshen ma'aikatar ba ne, kuma ba ya kai maganarka can sai ka nemi ya kai.

Shafi ɗaya, da lissafi a kansa

Nan ne aikin yake, kuma a gida ake yin sa: shafi ɗaya za ka rubuta ka tafi masa da shi. Kada ka ɗauka ɗan majalisa ya san yadda PIP ke aiki. Da yawansu sun ɗauka kuɗin marasa aiki ne. PIP, wanda aka fara a 2013 a madadin tsohon tallafin naƙasa na DLA ga manya, ba ya duba albashi ko ajiya, mai aiki na karɓa, marar aiki na karɓa. An yi shi ne don ƙarin ɗawainiyar da naƙasa ke jawowa. Kaso biyu ne, na hidimar yau da kullum da na zirga-zirga. A na farko ana auna abubuwa 10, irin su girki, cin abinci, wanka, shiga bayi, sa tufafi, magana, karatu, cuɗanya da mutane da sarrafa kuɗi. Maki 8 ke ba da ƙaramin mataki, 12 babba. A shekarar 2025/26 ƙaramin fam 73.90 ne a mako, babban fam 110.40. Na zirga-zirga kuma fam 29.20 da fam 77.05.

Ciro wasiƙar hukuncinka, makin kowane abu na rubuce a ciki. Kwafe su a shafin. Ga dalili. Sharaɗin da aka so kawowa a 2025 cewa ya yi sai mutum ya samu maki 4 a abu ɗaya aƙalla, komai yawan jimillarsa. A kunne kamar ƙaramin gyara. To ɗauki mace da ba ta iya girki a murhu sai dai ta ɗumama a na'ura, maki 2. Sai an taimaka mata ta wanke gashinta ko jikinta daga ƙugu zuwa ƙasa, maki 2. Sai an taimaka mata ta sa tufafin ƙasan jiki, maki 2. Sai da abin dafawa take iya amfani da bayi, maki 2. Jimilla 8, tana karɓar fam 73.90. A ƙarƙashin sharaɗin ba ta da ko sisi, alhali ba abin da ya canja a jikinta. Fam 3,842.80 ke nan a shekara. In kuma ɗiyarta ce ke kula da ita awa 35 a mako tana karɓar alawus ɗin mai jinya, wanda yake fam 83.30 a mako a shekarar 2025/26, shi ma ya tafi, domin a jikin PIP ɗin uwar yake rataye. Gida ɗaya, asarar fam 157.20 a mako, sama da fam 8,000 a shekara. Irin wannan lissafin ne ɗan majalisa ke iya ɗauka ya maimaita a zauren majalisa ko a gaban minista. "Rayuwa za ta yi mana wuya" gaskiya ce, amma ba ya iya yin komai da ita.

An janye wancan sharaɗin, amma bitar Timms, wadda aka tsara za ta miƙa rahoto a watannin ƙarshe na 2026, tsarin tantancewar gaba ɗaya take dubawa, har da abubuwan da ake aunawa da makinsu. Duk abin da ya fito, hanyar lissafin ɗaya ce: ga makina a yau, ga abin da zai zama, ga fam nawa, ga abin da ke rataye da shi. Abubuwan da ke rataye ɗin nan ne ake yawan mantawa. Motar Motability, shirin da ke ba masu naƙasa hayar mota da kuɗin tallafinsu, sai da babban matakin zirga-zirga. A Ingila maki 8 a ɓangaren tafiya da ƙafa na ba da shuɗin katin fakin kai tsaye. Gidan da ake karɓar PIP ba ya shiga ƙarƙashin iyakar jimillar tallafi da ake sa wa sauran gidaje.

A ƙasan makin, rubuta inda kuɗin ke tafiya a mako ɗaya na gaske: tasi zuwa asibiti saboda bas ba ta yiwuwa, wutar da injin numfashi ko cajin keke ke sha, ɗumama ɗaki dare da rana, ƙunzugu, abincin da aka riga aka yanka, mai zuwa shara. Kowanne da kuɗinsa. Sannan layi ɗaya: in an cire fam kaza, wannan da wannan zan bari. In barin zai sa ka ajiye aiki ne, ja masa layi a ƙasa, domin hujjar gwamnati gaba ɗaya a kan mayar da mutane aiki aka gina ta.

Ƙara adadi ɗaya na mazaɓar. Ɗakin karatu na majalisar wakilai da rumbun alƙaluman ma'aikatar mai suna Stat-Xplore suna ba da yawan masu karɓar PIP mazaɓa-mazaɓa. Nemo kuma ratar ƙuri'un da ya ci zaɓe da ita a 2024. Ba sai ka yi masa barazana ba, kuma bai kamata ba. Ɗan siyasa ne, in ya ga lambobin biyu kusa da juna zai yi lissafin da kansa.

Buga kwafi uku: naka, nasa, na ma'aikacinsa. Jibgin takardun asibiti a bar su a gida.

Abin da za ka roƙa

Ya danganta da ko wane ne shi, saboda haka duba kafin ka je. Minista, ko mai taimaka wa minista, ko bulaliyar jam'iyya mai mulki, wato mai tabbatar da cewa 'yan majalisarta sun bi umarninta a ƙuri'a, ba zai ƙi ƙudurin gwamnati ya ci gaba da riƙe muƙaminsa ba, ba ya kuma sa hannu a takardun matsin lamba da ake kira EDM. Roƙonsa ya yi tawaye ɓata baki ne. Abin da yake da shi shi ne kusanci: ya kai shafinka ga ministan da abin ya shafa, ya dawo maka da amsa a rubuce. Ɗan adawa zai yarda da kai cikin sauƙi, har ka ji kamar ka gama aiki, amma tambaye shi mene ne matsayin jam'iyyarsa, domin a ƙuri'ar Yulin 2025 wasu sun ƙi ƙudurin ne don a ganinsu ragin bai kai yadda suke so ba. Wanda ƙuri'arsa ta fi tsada shi ne ɗan jam'iyya mai mulki da ba shi da muƙami. Shi ma akwai abin da yake tsoro: makonni biyu bayan waccan ƙuri'a an dakatar da 'yan Labour huɗu daga jam'iyyar a majalisa. In ka nuna masa ka san farashin abin da kake nema, ya fi sauraronka.

Abubuwan da ke hannunsa sanannu ne. Zai iya rubuta wa minista, kuma ƙa'idar gwamnati ita ce a amsa wasiƙar ɗan majalisa cikin kwanakin aiki 20, ko da yake sukan wuce. Zai iya shigar da tambaya a rubuce, wadda dole a amsa kuma a wallafa kowa ya gani. Zai iya neman muhawara a Westminster Hall, ƙaramin zauren muhawara na majalisar, ta minti 30 ko 60 ko 90, inda minista zai zo ya ba da amsa. Zai iya miƙa bayaninka ga kwamitin majalisa mai sa ido kan ma'aikatar, wanda aka zaɓi Debbie Abrahams ta shugabanta a 2024. Zai iya sa hannu a gyaran ƙuduri, zai iya kaɗa ƙuri'a. Zaɓi ɗaya babba da ɗaya ƙarami, don in ya zille wa babban, ka fito da ƙaramin a hannu. A ganina tambaya a rubuce ce ake rainawa alhali ta fi yawancinsu amfani, musamman in kai ka tsara masa ita: mutum nawa ne a wannan mazaɓa canjin zai shafa, kuma wane nazari ma'aikatar ta yi kan abin da zai jawo wa asibitoci da ƙananan hukumomi? Ba ta sa shi rigima da jam'iyyarsa, don haka da wuya ya ƙi. Amsar kuma, ko ta zo da adadi ko ta zo da cewa ba a yi nazarin ba, makami ce.

Lokaci ma roƙo ne. Ganawa bayan karatu na uku ta'aziyya ce. Wurin da ake iya juya ƙuduri shi ne kafin karatu na biyu da lokacin gyare-gyare, kuma gwamnati na iya matse su: ƙudurin 2025 kwana takwas ne tsakanin karatunsa na biyu da na uku. Da ka ji an fitar da takardar neman ra'ayin jama'a, nemi ganawa a makon.

A cikin ɗakin

Gaisuwa a taƙaice. Miƙa shafin, ka faɗi roƙonka a minti na farko: "Ranka ya daɗe, abu biyu na zo nema, zan faɗe su yanzu sannan in faɗi dalili." Wanda ya ajiye roƙonsa sai ƙarshe, sau da yawa ma'aikaci ne ke katse shi da cewa lokaci ya yi. Bayani minti huɗu ko biyar, sauran a bar wa tambaya da amsa.

Je da mutum ɗaya, aikinsa rubutu. Ku yi yarjejeniya tun a hanya cewa ba zai karɓe maganar ba, domin abu ne da aka saba gani: ɗan majalisa ya juya yana magana da mai rakiya a kan mai naƙasar da ke zaune gabansa. In ciwonka mai tashi da kwanciya ne, faɗa masa kai tsaye cewa yau ranar sauƙi ce, ka gaya masa abin da fitowar nan za ta jawo maka gobe da jibi. Dokar PIP kanta ta yarda da wannan. Ba a cewa mutum na iya abu sai in yana iya yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a kai a kai, kuma cikin lokacin da bai ninka na mai lafiya fiye da sau biyu ba, sannan ana duba yadda yake a fiye da rabin kwanakin shekara. In hawaye ya zo, ya zo. Shafin na gabansa, mai rakiyarka zai iya karanta layin da ka tsaya.

Amsoshin da za ka ji ba su da yawa, kuma kusan kullum su ne. Zai ce kuɗin da ake kashewa ya yi yawa, ƙasa ba za ta iya ɗauka ba. Kada ka shiga gardamar kasafin kuɗi, zai fi ka alƙaluma kuma lokacinka ne ke tafiya. Mayar da shi kan shafin: a cikin abubuwan nan, wanne yake ganin ya kamata ka bari? Zai ce manufar ita ce a taimaki mutane su koma aiki, ya ambaci fam biliyan 1 da aka yi alƙawarin warewa don haka. Tuna masa PIP ba ya hana aiki, ga mutane da yawa ma shi ke biyan kuɗin zuwa wurin aikin. Zai ce an ƙara ainihin kuɗin Universal Credit sama da hauhawar farashi. Gaskiya ne, sai ka ce ya ajiye ƙarin kusa da ragin fam 206 a wata ya gaya maka wanne ya fi. Sannan zai kawo wadda ya fi dogara da ita, cewa masu karɓa a yanzu ba abin da zai taɓa su. A nan ne za ka fito da abin da ka riƙe tun farko. Maƙwabcinka da shanyewar ɓarin jiki za ta kama baɗi, lalurarsa irin taka, me ya sa zai samu rabin naka? Wanda ya gwada aiki ya kasa ya dawo, tsoho ne ko sabo? Yaron da zai cika shekara 16 ya tashi daga DLA zuwa PIP fa? In bai sani ba, madalla, ga tambayar da zai rubuta wa minista.

"Zan duba" ba amsa ba ce. Cikin ladabi ka ce: za ka rubuta wa minista? Yaushe? Za a turo mini kwafi? In ya ce ba zai ƙi ƙudurin ba, tambaye shi wane gyara ne in babu shi ba zai goyi baya ba. Wanda ya faɗi sharaɗinsa da bakinsa a gaban shaida, ya ɗaure kansa da wani abu.

Kafin ka tashi, ku daidaita abu biyu. Na farko, ko ka yarda ya ba da labarinka a majalisa, da suna ko ba suna. Duk abin da aka faɗa a zauren yana shiga Hansard, kundin muhawarar majalisa, yana nan a intanet har abada, ba a gogewa. Yawancin mutane ya fi musu a ce "wata mata a mazaɓata". Na biyu, hoto. Wasu za su so a ɗauka su sa a Facebook a nuna sun saurari masu naƙasa. Kana da damar cewa a'a, ko ka ce a bari sai wasiƙar ministan ta iso.

Bayan an fito

Cikin kwana biyu tura imel gajere: godiya, ga abin da ya ce zai yi, ga ranar da ya faɗa, da shafin a liƙe. Wannan ne ke mayar da maganar baki ta zama fayil mai lamba a ofishinsa. Bayan wata guda, in shiru, tuntuɓi ma'aikacin da sunansa. Amsar minista in ta zo, yawanci doguwa ce kuma rabinta an kwafo ne daga sanarwar ma'aikata. Karanta ta da biro a hannu, ka ja layi inda ta taɓa tambayarka, in ba ta taɓa ba ka mayar wa ɗan majalisa ka ce ba a amsa ba, a sake tambaya. Ranar ƙuri'a duba sunansa a shafin majalisar, sakamakon na fitowa a ranar. In ya cika alƙawari, rubuta ka gode masa a fili, ba su cika samun wannan ba kuma suna tunawa. Mutum goma daga mazaɓa ɗaya, kowa da shafinsa da lissafinsa, sun fi imel dubu iri ɗaya da aka danna daga shafin kamfe, domin waɗancan amsa iri ɗaya ake tura musu.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sa masa a kunne tun yanzu: abubuwan da ake aunawa a PIP da makinsu ba a cikin babbar doka suke ba, suna cikin ƙa'idojin 2013 da minista ke iya gyarawa da ƙaramar doka. Irin wannan ba ta bin karatu uku, majalisa ba ta iya yi mata gyara, sai dai ta karɓa ko ta ƙi, wata ma tana fara aiki ba tare da an yi muhawara ba in ba wanda ya motsa. Haka aka yi a 2017, lokacin da aka taƙaita makin zirga-zirga ga masu lalurar ƙwaƙwalwa, sai Babbar Kotu ce ta soke gyaran a Disambar shekarar. Don haka ka roƙe shi ya nemi minista ya tabbatar a rubuce cewa duk canjin da zai biyo bayan bitar Timms za a kawo shi zauren majalisa a yi muhawara a kaɗa ƙuri'a, kuma za a wallafa lissafin waɗanda zai shafa kafin ranar ƙuri'ar.